Ɗana, Aktin Manaja

Shekara biyar ke nan. Ni ban iya lissafin kalanda ba, amma ba na ɓata. Ya rasu ne tsakanin ƙaramar sallah da babba, a shekarar da aka hana mutanen duniya zuwa aikin Hajji, aka kulle masallatai, aka ɗaure wa kowa baki da hanci da ƙyalle. Shekara uku kafin nan ne maƙwabtan Ƙatar suka rufe mata iyaka, har aka riƙa sauke shanu daga jirgin sama don a samu madara. Shekara biyu da 'yan watanni bayan an binne shi kuma aka taru a Doha aka buga ƙwallon duniya. Yawancin abin da zan faɗa yana tsakanin shanun nan ne da ƙwallon nan.

Ɗan farina ne, saboda haka ba za ku ji sunansa a bakina ba. Baban Fa'iza nake ce masa tun da ya samu 'ya, kafin nan kuwa "kai" ta ishe mu. Ban yi boko ba. Matarsa, Dakta Hajara, ita ke rubuta abin da nake faɗa, kuma na ja mata kunne kada ta gyara mini ko harafi.

Abin da ya sa na buɗe baki bana, bayan na yi shiru shekara biyar, shi ne Fa'iza. Watan jiya kamfanin da ubanta ya yi wa aiki har ya mutu ya aiko mata takardar ɗaukar aiki. Ina wurinsu a Doha, ta zo ta durƙusa tana neman in sa albarka, na ce ta dakata. Tun daga ranar 'yan uwa a Malumfashi suke bugo waya, wai tsohuwa ta rikice, za ta tare wa marainiya hanya. To ga dalilina, kowa ya ji.

A shekarar shanun ne ya kira ni, ina gida Malumfashi ina tsinkar zogale. Ya ce, "Inna, ki taya ni addu'a, an ba ni aktin manaja."

Na ajiye farantin. Ni aktin ɗin da na sani shi ne na yaran nan 'yan fim, a manna wa mutum gemun auduga a ce shi ne attajirin gari. Na ce, "Kai, aikin yi ka rasa? Injiniya guda, da furfura ta fara fito maka, ka koma wasan kwaikwayo a ƙasar Larabawa?"

Ya yi dariya har ya sarƙe. Ya ce, "Inna, ba wannan ba. Riƙon ƙwarya ake nufi. Baturen da ke shugabantar sashenmu ya tafi, ni zan riƙe kafin a tabbatar."

Na ce, "A tabbatar da wa?"

Ya ce, "Da ni mana, in Allah ya yarda."

Labarin ya zaga dangi. Shekara guda duk bikin da na je sai an ce, "Hajiya, yaushe fim ɗin ɗanki zai fito?" Na yi ta dariya tare da su. Yanzu na daina. Na daɗe ina juya kalmar nan a raina, kuma ina ganin kunnena bai yi kuskure ba tun farko. An zaunar da shi a kujerar, an jibga masa aikin da ciwon kansa, an ce ya yi kamar shi ne, alhali masu abin sun san ba shi ba ne.

Sashensu shi ke sayo wa kamfanin kaya, ya adana, ya rarraba. Da aka rufe hanyar mota, kowa ya ɗora hannu a ka, shi ne ya nemo yadda kaya za su riƙa zagayowa ta ruwa daga Oman. Ba a bakinsa na ji wannan ba, shi ba ya faɗa. Mista Bulus ne ya gaya mini, wani mutumin Zonkwa, Kirista, mai gyaran injinan sanyi a manyan siton kamfanin. Yana zaune a unguwar Najma a Doha, ɗaki ɗaya su huɗu, kuma duk Juma'a, da yake ranar hutu ce a can, yakan zo gidan ɗana a unguwar Ain Khaled cin tuwo.

Na zo Doha ne a cire mini yanar ido. Ana cirewa da 'yan makonni aka tsayar da jirage, na maƙale. Saboda haka abin da na gani, da sababbin idanu na gan shi.

Juma'ar farko da na iya zama a falo, Bulus ya duba ya ga ɗana ya shiga ciki, ya sassauta murya ya ce, "Mama, kin san wannan ne riƙonsa na uku? Oga fa shi ne makarantar Turawan nan. A kawo su ɗanyu, ya dafa, a ɗora masa su a ka."

Na ce, "Kai kuma mene ne naka a ciki?"

Ya ce, "Nawa? Mama, in wanda ya fi mu duka ilimi bai wuce ƙofar ba, mu masu sufana ina za mu?"

Juma'ar da ta biyo baya ɗana ya gayyato wani Bature cin abincin rana. Sabon zuwa ne, wai an aiko shi daga babban ofishinsu na Turai ya ba da shawara. Yaro ne a kan ɗana, zai ba shi shekara goma sha biyar. Rana ta gasa masa wuya ya yi ja, shi ya sa na sa masa Jan Wuya, kuma da sunan nan zan ci gaba da kiransa. In faɗi gaskiya, yana da ladabi. Ya tuɓe takalmi ba a ce masa ba, ya ci tuwo da hannu, yaji ya sa shi hawaye bai ajiye ba. Ban ga mugunta a fuskarsa ba, kuma wannan ne ya fi tayar mini da hankali.

Ba na jin Turanci. Amma shekara arba'in na yi ina dillanci, gida-gida, zane da kwanuka da gwal, kuma na san muryar mai tambaya, na san muryar mai sani. Daga zamansu har tashinsu Jan Wuya ke tambaya, ɗana na amsawa, shi kuma yana dannawa a waya. Da ya tafi na ce, "Wannan me ya zo yi?"

Ya ce, "Taimaka mini ya zo yi."

Na ce, "Mai taimakonka ne yake rubuta duk abin da ya fito daga bakinka?"

Ya ce, "Inna, ke dai da zargi."

Da ciwon korona ya sa aka kulle gari, falon ya koma ofis. Ni kuma ba inda zan je, sai na samu kujera a gefe da carbina. Fuskoki sukan fito a kwamfuta, kowa cikin ɗan akwatinsa. In magana ta cije sai duk akwatunan su yi tsit, sai ɗana ya sunkuyar da kai ya yi bayani a hankali. Yana gamawa sai Jan Wuya ya karɓa, ya faɗa a gajarce da ƙarfi, sai in ga kawuna suna gyaɗawa. Na tambayi Fa'iza, lokacin tana shekarar farko a jami'a, ko abin da ubanta ya faɗa ne mutumin yake maimaitawa. Ta ce, "Kusan haka ne, Hajiya." Ban ƙara mata tambaya ba.

A cikin kullen ne aka aiko masa wata takarda da suke cikawa duk shekara. Wai mutum zai auna kansa da kansa, daga ɗaya zuwa biyar, a ce yaya ka ga aikinka. Na ji Hajara, wadda ban taɓa jin ta ɗaga masa murya ba, tana cewa, "Uku? Baban Fa'iza, uku ka ba kanka? Kai da ka ciyar da kamfanin nan lokacin da hanya ta toshe?"

Ya ce, "To in ce me? In ce ni ne gwani? Ai ba ni kaɗai na yi ba."

Ta ce, "Su duk biyar suke ba kansu."

Ya juyo ya dube ni yana murmushi, ya ce, "Ga wadda ta hana ni nan. Tambaye ta."

Wallahi a lokacin kaina ya fasu. Ni ce kuwa. Tun yana ɗan mitsitsi na hana shi yabon kansa, na hana shi zuba wa babba ido, na koya masa ya ce "mun yi" ko da shi kaɗai ya yi. Na ce wa Hajara, "Bar shi, mai ido ai yana gani."

Ba a yi wata ba amsa ta zo. An ba Jan Wuya kujerar. Ɗana kuma zai ci gaba da riƙe wa sashen ayyukansa na yau da kullum, a ƙarƙashinsa, wai har sabon shugaba ya san gari. Dalilin da suka rubuta, Hajara ta juya mini shi da Hausa: sun ce aikinsa ba shi da na biyu, amma ba shi da kwarjinin shugabanci.

Kwarjini! Mutumin da in ya shigo zaure a Malumfashi 'yan majalisa ke gyara zama. Mutumin da leburori ɗari ke yin shiru in ya ɗaga hannu, Bulus ya gani da idonsa. Na ce kwarjini a idon wa? Domin kwarjini ba a jikin mutum kaɗai yake ba, har da idon mai kallo. Idon da tun yana yaro bai taɓa ganin baƙin mutum a saman tebur ba, ko ka shigo da rawani goma ba zai ga komai ba.

Na san abin da wasu za su ce, domin na faɗa wa kaina kafin su faɗa. Za su ce ai shi ya ba kansa uku, shi ya sunkuyar da kai, laifin tarbiyyar uwarsa ne. Wannan maganar ta ci ni shekara biyar, kuma ban wanke kaina duka ba. Amma na bincika, ni ba na sayen kaya ban juya bayansa ba. Bulus ya ce Baturen da ya fara shugabantar sashen, wanda ya tafi a shekarar shanu, mutum ne da sai ya wuni bai ce uffan ba, in yana magana takalminsa yake kallo. Shi sai suka ce zurfin tunani gare shi. To shiru ɗaya ne, sunkuyon kai ɗaya ne. Abin da ya bambanta shi ne launin kan da aka sunkuyar. In da ɗana ya ba kansa biyar ya buga tebur, wa ya tabbatar mini ba za su rubuta cewa yana da zafin kai ba?

Ciwon nan da ya yi tsanani, manyan kamfanin kowa yana gidansa, wasu ma sun samu hanya sun koma ƙasashensu. Amma kaya ba sa rarraba kansu ta kwamfuta. Dole wani babba ya riƙa zuwa siton da ke bayan gari, inda leburori suke cunkushe kuma ciwon ya fi kamari. Jan Wuya bai san gari ba tukuna. Ɗana ne ya riƙa zuwa. Hajara ta roƙe shi, ita da take ganin abin a asibiti kullum. Ya ce, "In ban je ba, su Bulus fa? Su an ba su zaɓi ne?"

Ban ce wani ya kashe mini ɗa ba. Ajali ne, kuma da yana cikin ɗakina a Malumfashi zai same shi. Amma ina da ikon tambaya: yaya aka yi wanda ba shi da kwarjinin zama a kujera yake da kwarjinin da za a tura shi tsakiyar annoba mutane su saurare shi? Kwana goma sha shida ya yi a asibiti. Ban gan shi ba. Ba a bar mu mun yi masa wanka irin namu ba. Maza ƙalilan suka yi masa sallah, nesa-nesa da juna, Bulus yana tsaye daga baya hularsa a hannu.

Bayan sadakar arba'in sai ga takarda daga kamfani a cikin jaka mai kyau. Wai ashe an riga an yanke shawarar ba shi darakta a wani sabon sashe, kuma ranar da ke jikin takardar ta riga ranar da ya kwanta ciwo. Hajara ta yi kuka, ta ce ko ba komai sun san darajarsa. Ni ban yi kuka ba. Na ce in an rubuta ta yana da rai, me ya hana a ba shi yana da rai? Waya ce ta lalace, ko kwamfutar da yake zaune a gabanta kullum? Na sa Bulus ya shinshina. Ya dawo ya ce, "Mama, ba wanda ya taɓa jin labarin wannan sashen, kuma har yau ba a buɗe shi ba. Iyakar abin da na sani ke nan, ba zan yi miki ƙarya ba." Ba ni da hujja. Amma na san ba abin da ya fi sauƙi irin naɗa mamaci, ba zai zo ya zauna ba.

Hajara ta koma unguwar Nu'aija da yaran, asibitin da take aiki ya zama kafil ɗinsu, wato mai tsaya musu a kan takardar zama, ni kuma na koma gida da aka buɗe hanya. Na sake zuwa lokacin ƙwallo. Garin ya cika maƙil, tutoci ko'ina, baƙaƙe da farare suna rungumar juna a titi, ana ta busa hon. Na yi ta tunanin me zai ce da ya gani. Na san zai ji daɗi, domin ƙarfe da siminti da yawa na filayen ƙwallon nan ta hannunsa suka bi. Kuma na san in na fara maganata zai ce, "Inna, ki bar su da Allah." Na bar su da Allah. Ban dai rufe idona ba.

A makon ne kamfanin ya yi walima ya gayyace mu. Muna shiga na ga hotonsa a bango, ya fi ƙofa tsawo, an sa shi a tsakiyar ma'aikata kala-kala kowa na dariya. Fa'iza ta ce abin da aka rubuta a ƙasa shi ne wai su gida ɗaya ne, kowane launi nasu ne. Na dubi teburin manya da ke gaba, na ƙirga da idona da aka gyara. Ban ga mai kalar hoton ba ko ɗaya.

Jan Wuya ya taso, ya rusuna, ya yi doguwar magana. Fa'iza ta ce, "Wai duk abin da ya sani, Baba ne ya koya masa."

Na ce, "Tambaye shi, in shi ya koya masa, yaya aka yi ya hau kansa ya zauna?"

Ta yi masa Turanci. Sai na ga mutumin ya dafa ƙirji yana murmushi yana gyaɗa kai. A mota na ce, "Ke, 'yar nema, me kika ce masa?"

Ta ce, "Na ce kin gode."

Na ce, "Ni na gode? Da bakina?"

Ta ce, "Haba Hajiya, a gaban mutane? Khalas, ya wuce."

Jinin ubanta ne, kuma tarbiyyata ce ta biyo ta har nan. Ban yi mata faɗa ba, da wane bakin?

To wannan Jan Wuyan, wanda yanzu shi ne babba a ofishinsu na Doha gaba ɗaya, shi ya sa hannu a takardar da aka aiko wa Fa'iza watan jiya. Na sa ta karanta mini, na sa uwarta ta sake karantawa ita kaɗai, ko zan ji aktin a ciki. Babu. Amma ni na san ba kullum ake rubuta shi ba. Ina tsoron kada su ɗauke ta don su rataye ta a bango kusa da ubanta.

Ta ce, "Hajiya, duk inda na je a garin nan haka ne. Ko gida na koma, can ma sai kin san wani. In zauna ke nan?"

Na ce, "Ban ce ki zauna ba. Akwai saƙona da kika haɗiye shekara uku. Ki je ki kai shi yadda na faɗa, ki dube shi cikin ido, ki kawo mini amsa. In ya kore ki, kin san inda za ki shiga tun ba ki shiga ba. In ba za ki iya ba, to ba ki da abin da za ki zauna da su da shi."

Kwana huɗu ba ta yi mini magana ba, sai gaisuwa. A na biyar ta yi shiri ta fita. Ta dawo da la'asar, ta zauna a ƙasa kusa da ƙafata.

Ta ce, "Na faɗa masa. Yadda kika faɗa."

Na ce, "Ya ce me?"

Ta ce, "Ya ce, da aka ba shi kujerar ya san wanda ya fi shi cancanta, kuma bai tambayi kowa dalili ba. Ya ce bai tambaya ba ne don yana tsoron amsar."

Na ce, "Ya ba da haƙuri?"

Ta ce, "A'a. Ya ce haƙuri ba zai yi miki amfanin komai ba."

Shekara biyar ina sauraron mutanen nan ta bakin masu fassara, wannan ce magana ta farko da na saya. Ba ta mayar da komai ba. Ba ta ma gaya mini ko takardar daraktan nan gaskiya ce ba, kuma da alama da wannan zan shiga kabari. Amma na ɗora hannuna a kan Fa'iza na sa mata albarka. Ba don na yarda da su ba. Don na ga yarinyar ta shiga ofishin babbansu ta faɗi abin da ke da nauyi ta fito da ƙafafunta. Ladabin ubanta yana nan a jikinta, ban so ta yar da shi ba, shi ne abin da ya bari wanda ba su iya taɓawa ba. Na dai ƙara mata abin da ni na tauye masa.

Cikin waɗanda suka zauna a falon Ain Khaled, Hajara na nan, ga ta tana rubutu tana share ido tana tsammanin ban gani ba. Bulus ya koma Zonkwa da ciwon gwiwa, ya buɗe shagon gyaran firji, duk sallah sai ya bugo ya ce, "Mama, ina namana?" Jan Wuya na nan a kujerarsa. Fa'iza ta fara zuwa aiki ranar Lahadin da ta wuce. Ni ma ina nan, ban koma Malumfashi ba tukuna, kuma idanuna garau suke.